Bidanj ɗin Hilux a Damagaram: kilomita 5,000 ko 10,000?

Mai_Hilux_Zango
Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da war haka. Ina da tambaya ga masu sanin inji. Hilux ce mai shan gazuwal, injin 2KD, ta haura kilomita 200,000. Kwana uku a mako tana cin kasuwannin ƙauye da lodi, wajen Mirya, Damagaram Takaya da Bakin Birji. Sauran kwanakin tana zirga-zirga cikin gari, sau ɗaya a wata kuma ta leƙa Maraɗi. Makanike ya ce a riƙa yi mata bidanj, wato sauya man inji, duk kilomita 5,000. Mai sayar da man inji ya ce asarar kuɗi ce, wai man yanzu yana kai 10,000 lafiya lau. Wanne ne daidai ga mota mai irin wannan aiki?

GarajinBirni
Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe maganar makanikenka. Kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga cika, kuma kowane bidanj da sabuwar filtar mai.

Mai sayar da man bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. In ka buɗe littafin kula da mota na Toyota za ka tarar da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani. 10,000 ɗin yana cikin na farko. Na biyun raba shi biyu yake yi. Abin da suke kira tsanani kuwa shi ne hanya mai ƙura ko mai gargada, jan kaya ko ɗaukar lodi mai nauyi, da barin inji yana aiki a tsaye ko tafiyar rarrafe ta dogon lokaci. Ɗaya daga ciki ya isa ya jefa mota a jadawali na biyu. Taka ta haɗa su duka, tun ba a zo maganar zafin Afrilu da Mayu ba.

Dan_Kasuwar_Dole
Haka yake. Motar da ke cin kasuwar ƙauye ba ta da 10,000.

Kwalta_Zalla
Malam GarajinBirni, ga motar Alhaji na yarda, amma kar a mayar da 5,000 doka a kan kowa. Motar da aikinta Damagaram zuwa Maraɗi ne, kusan kilomita 235 a kan kwalta, inji ya yi ɗumi ya zauna a gudu ɗaya awa uku ko huɗu, wannan shi ne aiki mafi sauƙi ga man inji. Ruwan da ya taru a cikinsa ya ƙone ya fita, gazuwal ɗin da ya zurara ya ragu, hayaƙi kaɗan ne. Irin wannan mota, da mai 15W-40 na gaske mai lambar CI-4 da filta ta asali, za ta kai 8,000 har 10,000 ba abin da zai samu injin. Wanda ya zubar da shi a 5,000 mai rai ya zubar.

Injiniya_Tanut
Kafin a yi ta jan lamba, a san me ke kashe man. Shi kansa man ba ya ƙarewa kamar gazuwal. Sinadaran da aka zuba masa ne ke ƙarewa, datti kuma yana taruwa har ya fi ƙarfinsa.

A injin gazuwal babban abin shi ne baƙin hayaƙi. Duk bugun fistan wani ɗan kaɗan yana bi ta gefen ringi ya sauka cikin mai. Akwai sinadarin da aikinsa ya riƙe waɗannan ƙwayoyi a warwatse don kar su dunƙule. Ranar da ya gaji sai su haɗu, man ya yi kauri, ya fara zama kwaɓa a cikin murfin kan inji da hanyoyin mai. Injin da ya haura 200,000 ringinsa ya saki fiye da na sabo, don haka hayaƙin da ke sauka ya fi yawa. Lodi mai nauyi a giya babba, inda direba ke danne totur inji na nishi, shi ma yana ninka shi.

Na biyu sulfa ce da ke cikin gazuwal. In ta ƙone ta gamu da danshi sai ta zama asid. Man gazuwal yana zuwa da sinadarin da ke kashe asid ɗin, shi ne lambar TBN da ake gani a takardar bayanin mai, kuma raguwa yake yi a hankali. In ya ƙare asid ya koma kan metal, wato ƙarfe mai laushi da sandar inji ke juyawa a kansa.

Sai zafi. Abin da masu nazarin mai suka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Kamar man suyar ƙosai ne da aka yi ta mayarwa a wuta, ya yi duhu ya yi danƙo. Ku ɗauki mota da lodi cikin yashi da tsakar rana a watan Mayu, waje ya haura digiri 40, gudu kaɗan, iskar da ke bugun lagireto kaɗan.

Ƙura ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi saurin cin inji. Amma wannan maganar filtar iska ce.

Hajiya_Mai_Transport
Malam Injiniya, Allah ya ƙara basira. To direbobi da yawa da launi suke hukunci. Da sun zaro sandar awo sun ga baƙi sai su ce mai ya mutu.

Injiniya_Tanut
Hajiya, a injin gazuwal launi ba ya faɗin komai. Sabon mai yana yin baƙi cikin ƴan kwanaki, wani lokaci tun ranar bidanj, saboda ragowar tsohon da ya maƙale a hanyoyi. Baƙin ma alama ce yana kwashe hayaƙi yana riƙewa. Wanda zai ba ki tsoro shi ne man da ya yi kilomita 3,000 a tsohon injin gazuwal yana nan garau, don watakila ba shi da sinadarin wanki sam, dattin yana can ya kwanta a cikin inji.

Ga gwajin da kowa zai iya. Inji da ɗumi, a ɗiga ɗigo ɗaya daga sandar awo a kan farar takarda mai shan ruwa, a ajiye ta a kwance ta kwana. In baƙin ya bazu da faɗi yana dusashewa a hankali zuwa gefe, man yana da sauran ƙarfi. In ya tsaya ƙaramin tabo baƙi ƙirin mai kaifin baki, gefensa fari, sinadarin ya gaji. A kuma murza tsakanin yatsu biyu: in an ji ɓarɓashi kamar rairayi, ƙura na shiga. A sansana: warin gazuwal mai ƙarfi yana nufin nozul na yoyo. Gwajin nan ba ya maye gurbin lissafi, yana dai tona matsala da wuri.

Bakin_Tasker
Ni abin da nake so a gane, agogon kilomita juyin taya yake ƙirgawa, ba wahalar inji ba. Hilux a kan kwalta tana shan kusan lita 10 a kilomita 100. Ke nan kafin ta cika 5,000 ta ƙona lita 500, tano biyu da rabi. Motar nan in ta bar Gure ta nufi Tasker, ta shiga yashi da ƙaramar giya ta 4L, shanta yana kai lita 20 ko fiye. Lita 500 ɗin za ta ƙare a kilomita 2,500. Hayaƙi da asid ɗin da suka shiga man daidai suke da na mai 5,000 a kwalta, agogo kuwa rabi ya nuna.

Don haka mai aikin daji ya ƙirga gazuwal. A ajiye ɗan littafi a mota, duk shan mai a rubuta lita. Ya kai 500, a yi bidanj, ko agogo ya ce me.

Kwalta_Zalla
Wannan lissafi ya yi ma'ana, kuma yana goyon bayan maganata. Mai tafiyar kwalta da ƙafa mai sauƙi yana shan ƙasa da lita 10, ga shi ba ƙura.

Mai_Janareto
Malam Bakin_Tasker, akwai inda lissafin lita ke faɗuwa: ralanti, wato inji na aiki mota na tsaye. Injin lita 2.5 irin 2KD a tsaye bai fi ya sha kusan lita ɗaya a awa ba, a littafinka ba zai nuna komai ba. Amma a ralanti wuta ba ta ci sosai, gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya sauka cikin mai ya tsinka shi. Masu manyan motoci sukan ƙirga awa ɗaya ta ralanti a matsayin kilomita 40 zuwa 50. Motar ofis ko ta ma'aikatan agaji da ake barinta awa biyu kullum da kilim a kunne ana jiran maigida, a wata ta ƙara fiye da kilomita 2,000 da agogo bai gani ba. Janareto da tarakta da awa ake yi musu, yawanci awa 250. Motar da ke yawan tsayuwa a kunne ita ma a yi mata haka.

Bakin_Tasker
Na karɓi gyara. A haɗa biyun.

GarajinBirni
Tunda Injiniya ya bar mana maganar ƙura, bari in ɗauka, don ko duk 2,000 kake bidanj, in ƙura na wucewa inji zai mutu. Rairayin ƙasar nan ya fi ƙarfen ringi tauri. Yana shiga ta hanyar iska, ya goge ringi da bangon silinda, sannan ya sauka cikin mai ya je ya ci metal.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin buji, da kuma duk dawowa daga hanyar ƙasa, a buɗe akwatin filtar iska. A hura ta daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi sosai, bakin tiyo nesa kaɗan da takardar. Kar a buga ta a jikin taya ko dutse, bakin roba yana lanƙwashewa ya daina rufewa. Bayan hurawa a ɗaga ta a rana ko a sa tocila a ciki. In haske ya fito ta wani ɗan rami komai ƙanƙantarsa, ta gama. Filtar da aka hura sau uku ko huɗu a sauya ta, don hurawa tana buɗe ramukan takarda.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bututun da ke tsakanin akwatin da turbo. A cire shi a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Ya kamata ya fito tas. In ya fito da jar ƙura, ko murfin akwatin bai zauna ba, ko ƙugiya ɗaya ta karye, ko bututun ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai.

Yaron_Garaji_Sabongari
Maigida, a yi mana bayanin kauri. Wasu suna cewa a zafin nan sai 20W-50 ko SAE 40, wai 15W-40 ruwa ne.

Injiniya_Tanut
Ƙanena, lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in inji ya yi zafi. 15W-40 da SAE 40 kaurinsu ɗaya ne a inji mai zafi. Bambancin da asuba ne: a sanyin Janairu SAE 40 yana nauyi, yana ɗaukar lokaci kafin ya hau kan inji ya isa turbo, kuma a waɗannan daƙiƙu ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Ga injinan Toyota 2KD, 1KD, 5L da 1HZ, 15W-40 ya wadatar duk shekara. 20W-50 sai tsohon injin da ya riga ya saki yana shan mai, ko fitilar mai na ƙyaftawa a ralanti in ya yi zafi, kuma wannan lallaɓawa ce kafin gyara.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne haruffan API a bayan bido. Wanda ya fara da C na gazuwal ne: CH-4, CI-4, CK-4. Wanda ya fara da S na esansi ne: SL, SN. Da yawa suna ɗauke da biyun, kamar CI-4/SL, wannan ya yi wa kowanne. Man da S kaɗai ke jikinsa kar a zuba shi a injin gazuwal, ba zai iya da hayaƙin ba.

Alhaji_Pieces
Duk wannan lissafi yana tsayawa ne in man na gaske ne. Akwai na jabu a kasuwa, tsohon mai da aka tace aka zuba a bido mai suna. A duba hatimin murfi, zoben roba bai tsinke ba, takardar alminiyam ta ciki a manne take ko'ina ba alamar gam. Lambar da aka buga a jikin bido kar ta goge da yatsa. A zuba kaɗan a farin kofi a duba a rana: na gaske garau yake ba gurɓi a ƙasa, ba warin ƙuna. Wanda ake aunawa da kwalba daga buɗaɗɗen tano a bakin hanya, ko asalinsa mai kyau ne, ƙura ta riga ta sha shi. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai a yi hattara, araha ba ta ado. Bayan bidanj kuma a huda bidon kafin a yar, don da irinsu ake cikawa.

Filta ma haka. Ta jabu takardarta kaɗan ce, wata ba ta da robar da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. Alamarta, da safe fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba, inji yana ƙara kaf-kaf na ƴan daƙiƙu.

Dan_Kasuwar_Dole
Filtar dole ce kowane karo? Da can ana tsallake ɗaya.

GarajinBirni
Wasu tsofaffin littattafai sun yarda da tsallakewa, amma a hanya mai ƙura ban ba da shawara ba. Dalili biyu. Tsohuwar filta tana riƙe da baƙin mai wanda zai gauraya da sabon nan take. Sannan in ta toshe, akwai ƙaramin bawul a ciki da ke buɗewa don kar inji ya rasa mai, daga nan man yana zagayawa ba tacewa, kuma ba fitilar da za ta sanar da kai. Kuɗin filta bai kai na lita biyu na mai ba a mafi yawan lokuta.

Mai_Tacoma
A tuna da masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, Tacoma da Tundra da makamantansu. Agogonsu mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda aka rubuta masa "sai an ƙara 5,000" ya bi agogon, kilomita 8,000 ya yi. In ana son 5,000 na kilomita a yi bidanj a mil 3,000. Wanda kuma ya sa tayoyi manya fiye da na asali, agogonsa yana rage masa lissafi.

Ga masu esansi, irin Hilux mai 2TR, hayaƙi bai kai na gazuwal ba, man yana ɗan jurewa. A kwalta 7,000 zuwa 8,000 ba laifi, a ƙura a dawo 5,000. Yana cin kusan lita 5 da rabi.

Mai_Hilux_Zango
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in na sayi mai mai tsada, wanda ake kira sentetik, zan iya kai 10,000 da wannan aikin nawa?

Injiniya_Tanut
A'a Alhaji. Sentetik ya fi jure zafi, ya fi gudu da sanyi, turbo yana jin daɗinsa. Amma ba ya rage hayaƙin da ke sauka daga ringi, ba ya hana ƙura, ba ya fitar da gazuwal ɗin da ya zurara. Abubuwan da ke kashe man motarka datti ne, ba zafi kaɗai ba. Mai matsakaici na gaske duk 5,000 ya fi maka mai tsada duk 10,000.

Kwalta_Zalla
A nan ma sai na ce ya danganta. Ga mai doguwar tafiya, Damagaram zuwa Yamai da dawowa, wajen kilomita 1,800, bidanj duk 5,000 yana nufin bai cika zuwa uku ba sai garaji. Shi sentetik yana biyan kuɗinsa.

Malama_Lissafi
Gazuwal ɗin da ake sha fa? Tun 2011 da matatar SORAZ ta fara aiki a hanyar Tanut, na gidajen mai an san inda ya fito. Na ƴan ruwa-ruwa da ke cikin kwalabe da jarkoki ba a san tano nawa ya ratsa ba, ga ruwa ga ƙura, wani a gauraye da kananzir. Shi ma yana shafar man inji ko nozul kaɗai yake ɓatawa?

GarajinBirni
Yana shafa Malama, ta hanyar nozul ɗin. Nozul ɗin 2KD da 1KD ramukansa sirara ne kamar gashi, matsin da yake aiki da shi kuma babba ne. In datti ko ruwa ya ci bakinsa, maimakon feshi sai ya riƙa ɗiga. Gazuwal ɗin da bai ƙone ba ya sauka cikin mai. Alamar ita ce mai ya riƙa ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, ya tsinke kamar ruwa. Duk wanda ya ga man injinsa ya haura alamar sama ba wanda ya ƙara, ya tsaya a duba, kar ya jira kilomita.

Akwai kuma abin da aka san injinan KD da shi. Ƙarƙashin kowane nozul akwai zoben jan ƙarfe da ke toshe wuta. In ya saki, hayaƙi yana bi ta gefen nozul ya shiga ƙarƙashin murfin kan inji, ya dafa man ya zama gawayi. Gawayin ya gangara ya toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, matsin mai ya faɗi, metal ya narke. Bidanj a kan lokaci ba ya hana wannan. Duk sanda aka cire nozul a sa sabbin zobba, kar a mayar da tsofaffin. Lokacin bidanj kuma, bayan mai ya tsiyaye, a haska tocila ta ramin bushon da ake zubar da mai ko a sa ƴar kyamarar waya, ana iya hango ragar. In ta yi baƙin ɓawo a sauke kaskon mai a wanke. Motar Alhaji da ta haura 200,000 ta cancanci wannan dubawa.

Yaron_Garaji_Sabongari
Maigida a jera mana yadda ake bidanj ɗin daidai, don masu yi a gida.

GarajinBirni
Mota a wuri mai daidai, ba gangare, kuma ba inda iska ke kwaso ƙura ba. Inji ya yi ɗumi, a kashe a jira minti 10. A goge kewayen murfin zuba mai kafin a buɗe. A kwance bushon da sifana 14, a bar man ya tsiyaye minti 15 ko fiye, har ya koma ɗigo. A dubi abin da ya fito a rana: ƙyalli kamar garin zinariya ko azurfa alamar metal ce.

A cire filta, a tabbata tsohuwar robarta ta fito tare da ita. In ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kai, roba biyu ba sa riƙe matsi, man zai fashe a hanya cikin ƴan mintuna. A shafa sabon mai a robar sabuwar, a murza da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da sifana.

Bushon da sabon zobe, a ɗaure daidai, wajen Nm 35 zuwa 40 ga mai sifanar awo. Masu sa bututu a sifana su danna da ƙafa su ne ke cinye zaren kasko.

2KD yana cin kusan lita 7 da filta. 1HZ na Land Cruiser tsakanin 9 da 11, gwargwadon shekarar motar. Kar a juye duka lokaci ɗaya. A rage rabin lita, a tada inji ba totur, fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira minti 5, a auna, a cika zuwa alamar sama ba tare da an wuce ba. Mai in ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe metal. A ƙarshe a rubuta kilomita da kwanan wata a manna a jikin ƙofa.

Mai_Janareto
Ƙari ɗaya: a daina wanke inji da gazuwal. Wasu bayan sun zubar da tsohon mai sai su zuba gazuwal su tada inji wai ya wanke ciki. Gazuwal ba ya riƙe metal ko na minti ɗaya, yana ɓamɓaro kwaɓa manya-manya su toshe raga, ragowarsa kuma ya tsinka sabon man. Injin da ya yi datti a yi masa bidanj biyu kusa da juna, kilomita 1,000 tsakani, da filta sabuwa kowanne.

Hajiya_Mai_Transport
Tsohon man kuma don Allah a daina zubarwa a ƙasa ko a kwata. Ƴan Damagaram mun san darajar ruwa, shi kuwa yana nutsewa har ya kai rijiya. A tara a tano a rufe. Masu shafa wa raƙuma da awaki don ƙazuwa su ma su bari, guba ce da ke ratsa fata, akwai maganin dabbobi na wannan. Yaran garaji kuma a sama musu safar hannu da sabulu.

Bakin_Tasker
Gaskiya ne Hajiya. Da damina ma akwai abin lura. Wanda ya ratsa ƙorama ruwa ya kai cikin taya, ya zaro sanda ya duba. Mai ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, bidanj nan take ko jiya aka yi. A duba man giya da na difaransiyal ma, su suka fi shan ruwa ta hancin numfashinsu. In launin nan ya bayyana ba a shiga ruwa ba, kuma ruwan lagireto na raguwa, to gasket ɗin kan inji ne ko na'urar sanyaya mai.

Malama_Lissafi
Mu koma kan tambayar Alhaji. Motar da ba ta yawo fa, a wata 6 ba ta yi ko 2,000 ba, ita ma sai an zubar?

Injiniya_Tanut
Ita ma, Malama. Mai gajerun tafiye-tafiye, Birni zuwa Zango a kashe, injinta ba ya kai zafin da zai ƙone danshi da gazuwal ɗin da ke cikin mai, sai su zauna su zama asid. Wata 6 ga irin wannan. Wadda take ajiye amma in ta fita doguwar tafiya take yi za ta iya kai shekara, kar dai ta wuce.

Sabuwar_Revo
Masu sababbin Hilux, 2GD da 1GD, su lura kafin su kwafi 15W-40 ɗin nan. Wadda aka shigo da ita daga Turai tana da matatar hayaƙi a bututun salansa, DPF, kuma ita mai marar toka take so, 5W-30 ko 0W-30 mai lambar ACEA C2. CI-4 zai toshe ta a hankali. An ƙera ta ne don gazuwal ɗin Turai mai sulfa kashi 10 cikin miliyan. Lokacin da take ƙona hayaƙin da ta tara tana ƙara fesa gazuwal, wani yana sauka cikin mai, musamman in ana kashe mota tsakiyar aikin. Don haka a nan ba a bin dogon jadawalin Turai da ita. Wadda aka ƙera don kasuwar Afirka ba DPF, ita ba ta da wannan damuwa. A leƙa ƙarƙashin mota ko littafinta a tabbatar.

Kwalta_Zalla
Ni dai ina nan a kan bakana ga motar kwalta. Wanda ke shakka ya yi gwajin takardar da Injiniya ya faɗa a 5,000, ya sake a 7,500, ya ajiye su gefe da gefe ya gani da idonsa.

Mai_Hilux_Zango
Tambaya ta ƙarshe. Tana rage kusan lita ɗaya kafin 5,000, ana cikawa. Tunda sabo na shiga, ba zai ƙara wa man kwana ba?

GarajinBirni
Yana ɗan farfaɗo da sinadaran, amma hayaƙi da ƙurar da ke ciki ba inda suka je, filta kuma tana nan tana cika. Kar ka ƙara kilomita saboda ciko. Lita ɗaya a 5,000 ga injin da ya yi wannan tafiya ba abin tsoro ba ne. Ka riƙa aunawa duk safiyar ranar kasuwa kafin a tada, ka cika da irin man da ke ciki, ka rubuta. In ya kai lita ɗaya a kilomita 1,000, ko ka ga shuɗin hayaƙi, a fara da duba bututun turbo ko akwai mai kwance a ciki kafin a taɓa ringi. In kun dawo daga hanya da lodi kuma, direba ya bar ta minti ɗaya ko biyu a ralanti kafin ya kashe, don man da ke cikin turbo kar ya ƙone a tsaye.